Laifin Wa Ne Idan Aiki Ya Lalace, Ma'aikaci Ko Shugabansa?

Duk inda aka ji an ce kamfani ya durƙushe, ko masana'anta ta kasa biyan albashi, ko kuwa wani ofishi ya koma wurin hira da cin gyaɗa, maganar farko da kan fito daga bakin manya ita ce wai ma'aikatan zamanin nan malalata ne, ba abin da suka sani sai ƙarshen wata. Su kuma ma'aikatan, in aka same su a gindin inuwa bayan an tashi, sai su ce ai manyan ne ba su san inda suka dosa ba, yau a ce a yi kaza, gobe a ce wa ya sa aka yi. Kowa dai yana ɗora wa ɗan'uwansa laifi, alhali kuwa ranar da ƙofar masana'anta ta rufe, tukwanen ɗaruruwan gidaje ne za su daina hawa murhu.

Wannan gardama ba a Nijeriya aka fara ta ba, kuma yau fiye da shekara 100 ke nan masana suna bin diddiginta ta hanyar awo da ƙidaya da gwaji, kamar dai yadda malamin gona yakan raba fili biyu, ya sa wa ɗaya taki ya bar ɗaya, sa'an nan ya jira kaka ya auna. Abin da binciken nasu ya yi ta nunawa shi ne, ma'aikaci ɗaya da inji ɗaya suna iya ba da amfani mai yawa ko kaɗan gwargwadon yadda shugaba ya tsara aikin da kuma yadda yake bin sawunsa kullum. Amma fa hanyar da aka bi kafin a kai ga wannan magana tana da kwana-kwana, har akwai wuraren da su kansu masanan suka yi tuntuɓe.

Mai Agogo A Hannu

Wanda aka fi ambata da fara wannan aiki shi ne wani injiniya Ba'amurke mai suna Frederick Taylor, wanda ya buga littafinsa a 1911. Shi ra'ayinsa shi ne kowane aiki yana da hanya guda wadda ta fi kowace sauri, kuma aikin shugaba ne ya riƙe agogo ya gano ta, ya koya wa lebura, ya biya shi gwargwadon abin da ya yi. A faɗarsa, a wani kamfanin ƙarfe da ke garin Bethlehem na Amurka ya tarar da leburori suna loda tan 12 da rabi na ƙarfe kowane mutum a yini, amma da ya zaɓi majiya ƙarfi ya tsara musu lokacin ɗauka da lokacin hutawa, sai mutum guda ya riƙa loda tan 47, ladansa kuma ya tashi daga dala 1.15 zuwa dala 1.85.

Masu bin tarihi sun nuna daga baya cewa Taylor ya ƙara wa labarin gishiri. Su ma leburori ba su yi murna ba, don sun lura aiki ya ninka kusan sau huɗu amma lada ko ninki biyu bai yi ba. A cikin wannan shekara ta 1911 ma'aikatan wata masana'antar makamai ta gwamnati a Watertown suka yi yajin aiki saboda agogon nan, har majalisar dokokin ƙasar ta kafa kwamitin bincike. Duk da haka Taylor ya bar wata ƙa'ida wadda har gobe ake amfani da ita, watau kada shugaba ya yi hukunci a kan aiki sai ya auna shi tukuna.

'Yan Mata Biyar A Ɗakin Gwaji

Daga nan sai labari ya koma wata ƙatuwar masana'anta ta kamfanin Western Electric, wadda ake kira Hawthorne, a gefen birnin Shikago, inda dubban mutane suke ƙera kayan wayar tarho. Tsakanin 1924 da 1927 aka yi ta gwada ƙara hasken fitila da rage shi don a ga ko zai taɓa yawan aiki. Labarin da ya bazu shi ne wai ko an ƙara haske ko an rage, aiki ƙaruwa yake yi. Wannan ya ɗaure wa kamfanin kai, sai aka shirya wani gwajin.

A 1927 aka ware 'yan mata 5 masu haɗa wani ɗan makunni na tarho, aka sa su ɗaki dabam tare da mai miƙa musu kaya, aka kuma ajiye musu mutum guda mai lura da rubuta duk abin da ya faru. Aka riƙa sauya musu yanayin aiki bi da bi. Wani lokaci a ba su hutun 'yan mintoci, wani lokaci a kawo musu abin taɓawa da hantsi, wani lokaci a sallame su da wuri. Kafin a yi kowane sauyi kuwa sai an zauna da su an ji ta bakinsu. Aiki ya yi ta hawa, daga makunni kimanin 2,400 kowace yarinya a mako har ya kai kimanin 3,000. Abin mamaki ma, a 1928 da aka janye hutun da abincin aka mayar da su tsawon awoyinsu na da, jimillar aikin mako ba ta koma inda ta fito ba, sai ma ta ƙara sama.

Wani shaihun malami na Jami'ar Harvard, Elton Mayo, mutumin Ostireliya, shi ne ya fassara wa duniya wannan al'amari. Ya ce 'yan matan sun ƙara himma ne domin sun ga an ɗauke su mutane, ana shawara da su, kuma babu heluma, watau shugaban leburori, a tsaye a kansu yana daka musu tsawa. Kamfanin ya biyo baya da jin ta bakin ma'aikata fiye da 20,000 ɗaya bayan ɗaya. Sa'an nan a 1931 aka sa ido a kan wasu maza 14 masu haɗa wayoyi, aka tarar su da kansu sun yanke iyakar aikin da ya kamata mutum ya yi a yini, duk wanda ya zarce sai a yi masa ba'a ko a kai masa naushi a damtse, domin suna tsoron in aka ga suna iya fin haka za a ƙara musu aiki ko a rage wasunsu. Watau ke nan a kowane wurin aiki akwai dokar da ke rubuce a ofis, akwai kuma wadda ma'aikata suka kafa wa kansu, shugaban da bai san ta biyun ba kuwa yana cikin duhu.

To, amma labarin Hawthorne bai tsira daga suka ba. Masu nazari sun tuna wa jama'a cewa an sauya wa 'yan matan nan hanyar biya tun farkon gwajin, ta yadda ƙoƙarin kowace ɗaya yake fitowa fili a cikin albashinta, kuma a 1928 an cire biyu daga cikinsu saboda yawan surutu aka kawo wasu, ɗaya daga cikin sababbin kuwa tana cikin tsananin bukatar kuɗi, ita ce ma ta fi kowa sauri. Daɗin daɗawa, a 2011 wasu masana biyu na Jami'ar Shikago, Steven Levitt da John List, suka buga nazarin ainihin takardun gwajin fitilar, waɗanda aka daɗe ana zaton sun ɓace. Suka ga ran Lahadi ake sauya fitilun sa'ad da masana'anta take rufe, aiki kuwa yakan ɗaga ran Litinin ko an taɓa fitila ko ba a taɓa ba. Saboda haka kulawa da mutuncin ma'aikaci tana da amfani, amma wanda ya ce ita kaɗai ta isa, ba tare da lada mai kyau da tsari ba, ya wuce abin da shaida ta nuna.

Idan Shugaba Ya Fita Daga Ɗaki

Wani gwajin da ya shafi halin shugaba kai tsaye shi ne wanda Kurt Lewin, wani masani da ya gudo daga Jamus zamanin Hitila, ya yi tare da abokan aikinsa Ronald Lippitt da Ralph White a Jami'ar Iowa, aka buga sakamakonsa a 1939. Sun tara yara maza 'yan kimanin shekara 10 ƙungiya-ƙungiya suna aikin hannu bayan an tashi daga makaranta, aka ba su shugabanni iri uku. Na farko mai ba da umarni ne kawai, ba tambaya ba bayani. Na biyu yakan zauna da yaran a shirya aiki tare, ya ba da shawara, ya yaba ko ya gyara da dalili. Na uku kuwa ya sake musu, kowa ya yi abin da ya ga dama.

Yaran mai umarni sun yi aiki da yawa muddin yana tsaye, amma da zarar an kira shi waje, da gangan don a gani, sai aiki ya tsaya, wasu su shiga faɗa da juna. Yaran mai shawara kuwa ko yana nan ko ba ya nan aikinsu suke yi. Waɗanda aka sake wa su ne suka fi kowa rashin abin nunawa. Gaskiya ne yara ba ma'aikata ba ne, kuma ƙungiyoyin ba su da yawa, amma duk wanda ya taɓa shiga ofis ranar da maigida ya yi tafiya ya san abin da ake nufi.

Abin Da Aka Gano A Nijeriya

A zamanin mulkin mallaka akwai wata magana da Turawan kamfani suka riƙe kamar karatu, wai ma'aikacin Afirka ba ya zama wuri ɗaya, ga yawan fashin aiki, kuma da ya tara kuɗin keke ko na aure sai ya tattara ya koma ƙauye. Wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, Peter Kilby, ya bi kamfanoni a Nijeriya ya duba littattafansu, ya buga abin da ya samu a 1961. Ya tarar fashi da barin aiki suna tafiya ne da ƙarancin albashi da tsawon awoyi da nisan gida daga wurin aiki, kuma inda aka kyautata waɗannan, ma'aikaci yakan zauna daram. Ya kuma nuna cewa inda aikin ya fi yin rauni shi ne wajen tsara shi, da sa ido a kansa, da kula da injuna, da kawo kayan aiki a kan kari, waɗannan kuwa duk nauyin shugabanni ne. Hausawa dai sun riga sun faɗa, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Masaƙun Indiya

Duk waɗannan bincike suna da gibi guda. Idan aka ga kamfani mai kyakkyawan tsari yana cin riba, mai gardama yana iya cewa ai ribar ce ta ba shi halin ɗaukar ƙwararrun manajoji, ba tsarin ne ya kawo ribar ba. Wannan tambaya ta taso sosai bayan 2007, lokacin da Nicholas Bloom da John Van Reenen suka buga binciken kamfanoni 732 na Amurka da Ingila da Faransa da Jamus, inda suka ba kowane kamfani maki daga 1 zuwa 5 a kan hanyoyin gudanarwa guda 18, suka ga masu maki da yawa sun fi amfani da riba da daɗewa a kasuwa. Hanyar kashe gardamar ita ce a yi irin gwajin malamin gona, a kan masana'antu na gaske.

A 2008 Bloom, wanda yake koyarwa a Jami'ar Stanford, da David McKenzie na Bankin Duniya, da abokan aikinsu uku, suka nufi garuruwan Tarapur da Umbergaon da ke kusa da birnin Mumbai na Indiya, inda masaƙun yadin auduga suke da yawa. Suka yi wa kamfanoni 66 tayin ƙwararrun masu ba da shawara kyauta, ba ko kwabo. Guda 17 ne kaɗai suka amsa har ƙarshe. Waɗannan ba ƙananan wurare ba ne, kowane kamfani yana da ma'aikata kimanin 270 in an yi raba-daidai, injuna suna aiki dare da rana, kuma dukansu na iyali ne, uba da 'ya'ya da 'yan'uwa.

Abin da aka tarar a ciki sai wanda ya gani. Shara da tsofaffin kayan inji sun tare hanyoyi. A sito an jibge zare ba suna ba lamba, wani ya jiƙe, wani an danne shi ya lalace, har akan sayo sabon zare alhali irinsa yana nan a ƙarƙashin tsibi ba wanda ya sani. Ba a taɓa inji sai ya tsaya cik. Yadi kuwa yana fitowa da aibi iri-iri, har kusan mutum ɗaya cikin kowane biyar na ma'aikata ba abin da yake yi sai duba yadi da gyaran aibinsa da hannu. Wasu masaƙun suna rubuta aibin a littafi, amma don a san rangwamen da za a yi wa mai saye ne kawai, ba wanda yake komawa ya tambayi wane inji ne ya jawo shi.

Aka ɗauki masaƙu 20 don gwajin. Dukansu aka yi musu wata guda ana dubawa, aka rubuta musu abubuwan da ya kamata su gyara. Sa'an nan aka jefa ƙuri'a, masaƙu 14 suka sami ƙwararrun kamfanin Accenture suka zauna da su wata 4 ana aiwatar da gyaran tare, sauran 6 kuwa aka bar su da takardar shawara, ana dai zuwa ana ɗaukar lissafinsu don kwatantawa.

Mai karatu zai zaci wani babban sirri aka kawo musu daga Turai. Ko kusa. Hanyoyi 38 ne, kuma yawancinsu duk mai hankali zai ce ai wannan sananne ne. A share wurin aiki, a shata wa kowane abu mazauninsa a ƙasa. A riƙa duba kowane inji ana sa masa mai bisa jadawali tun bai lalace ba, in ya tsaya kuma a rubuta dalili. A rubuta kowane aibi da irinsa da injin da ya fito da masaƙin da ke kansa, kuma kowace safiya a zauna a duba na jiya. A jera zare bisa launi da kauri, a lasafta shi, a san abin da ya shigo da abin da ya fita. A kafa allo a rubuta abin da kowane inji ya saƙa inda kowa zai gani. A ba da tukuici ga wanda aikinsa ya yi kyau kuma bai yi fashi ba. A bi kowace odar mai saye a san ranar da aka yi alkawarin kai masa.

Amfanin rubutun nan shi ne saurin gano ɓarna. A da, inji yana iya kwana da kwanaki yana fitar da yadi mai aibi iri ɗaya, sai an gama bandir an kai wurin dubawa kafin a lura, lokacin kuwa an riga an yi hasarar zare da wuta da guminsa. Yanzu da yake ana duba lissafin kowace safiya, in aka ga aibi ɗaya ya maimaitu a inji mai lamba kaza, kafin azahar makaniki ya je ya gyara.

Da aka buga sakamakon a 2013, sai ga shi masaƙun da aka zauna da su sun tashi daga bin kimanin kashi 25 cikin 100 na hanyoyin nan zuwa fiye da kashi 60. Aibin yadi ya ragu da fiye da kashi 40 cikin 100, zaren da ke jibge a sito ya ragu da kimanin kashi 20, amfanin da ake samu daga ma'aikata da injuna kuwa ya ƙaru da kashi 17 cikin 100 a shekarar farko. Masu binciken sun ƙiyasta ƙarin ribar kowace masaƙa da kimanin dala 300,000 a shekara. A lura fa, ma'aikatan nan su ne dai na jiya, injunan ma su ne. Abin da ya sauya shi ne yadda shugabanni suke tafiyar da aikin.

Me Ya Hana Su Tun Da Fari?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damun masu binciken, domin masu masaƙun nan ba jahilai ba ne, attajirai ne da suka shekara da shekaru a cikin sana'ar, kuma suna aiki tun safe har dare. Da aka bi dalilansu ɗaya-ɗaya, sai aka ga kashi biyu ne manya. Hanyoyin da ba a saba da su ba, kamar zaman safe na duba aibi, yawancinsu ba su taɓa jin labarinsu ba. Waɗanda aka saba ji kuwa, kamar rubuta aibi, sun sani amma ba su yarda za su kawo kuɗi ba. Kowa yana cewa yadinsa ba ya kasa na maƙwabcinsa, kuma gaskiyarsa, tun da maƙwabcin ma haka yake aiki. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wanda ya shekara 20 yana kwana da yoyon yakan daina jin ɗigarsa.

Akwai kuma maganar amana. Masu masaƙun ba su yarda su bar wa manajan da ba ɗan gida ba ikon sayen kaya ko ɗaukar ma'aikaci, don tsoron sata, ga shi kuma shari'a a kotu tana ɗaukar shekaru. Saboda haka kome ƙanƙantar abu sai an jira mai gida, shi kuwa yini ɗaya gare shi kamar kowa. Har masu binciken suka lura cewa abin da ya fi nuna girman kamfani shi ne yawan 'ya'ya maza da 'yan'uwa maza da mai shi yake da su, fiye da iya gudanarwarsa. Kamfanin da ya fi duka kyakkyawan tsari masaƙa ɗaya tak gare shi, domin mai shi ba shi da ɗa namiji ko ɗan'uwa da zai riƙe masa ta biyu. Binciken 2007 ma ya taɓo wannan, inda ya nuna kamfanonin iyali da ake miƙa wa ɗan fari don kawai shi ne babba suna cikin masu ƙarancin maki.

A nan ne rubutu ya yi wani amfanin da ba a zata ba. Da mai gida ya sami lissafin zare da na yadi a gabansa kullum, sai tsoron sata ya ragu, don in wani abu ya ɓace zai gani. Sai ya fara sakar wa manajoji wasu al'amura, shi kuma ya sami sukunin duba gaba. Cikin shekara 3 kamfanonin da aka gyara suka fara buɗe sababbin masaƙu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma sai mutum ya ga abin da ɗaya hannun yake yi kafin ya yarda ya sakar masa.

A 2017 masu binciken suka koma don su ga abin da ya saura. Suka tarar an watsar da kimanin rabin hanyoyin da aka koya, ko da yake har a lokacin masaƙun da aka zauna da su suna gaban sauran nesa ba kusa ba. Manyan dalilan watsarwar guda biyu ne, ko dai manajan da ya koyi abin ya bar aiki wanda ya gaje shi bai san shi ba, ko kuwa masu kamfanin sun rasa lokacin bin sawu. Ashe gyaran wurin aiki kamar shara yake, ta jiya ba ta hana a yi ta yau.

Kuɗin Udoji

Nijeriya ma ta taɓa karɓar irin wannan takardar shawara, kuma tata ta fi ta kowace masaƙa girma. A 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar duba aikin gwamnati a ƙarƙashin Cif Jerome Udoji, wadda ta miƙa rahotonta a 1974. Zuciyar rahoton ita ce a sauya yadda ake gudanar da aiki, a yanka wa kowane ofishi da kowane ma'aikaci abin da ake so ya cim ma, a auna shi da sakamako, a horar da shugabanni, a yi ƙarin girma bisa ƙwazo. Gyaran albashi wani sashe ne kawai na rahoton.

Amma abin da jama'a suka sani har yau shi ne kuɗin Udoji. An yi ƙarin albashi mai tsoka, aka biya ariyas tun daga watan Afrilu na 1974, kasuwa ta cika da masu sayen rediyo da babur da firiji, 'yan kasuwa su ma suka ɗaga farashi, har tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin 100 a 1975. Sashen auna aiki kuwa, wanda shi ne mai wuya domin kullum yake bukatar idon shugaba, bai samu irin wannan gaggawa ba. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata kimanin 10,000 bisa zargin rashawa da lalaci da gazawa. An sauya mutane, an sauya albashi, amma tsarin da mutanen suke aiki a cikinsa bai sauya da yawa ba, shi ya sa gwamnatocin baya suka yi ta kafa sababbin kwamitoci a kan magana ɗaya.

Kada kuma a ɗauka kyakkyawan tsari maganin kowace cuta ne. Mutanen Kaduna, inda aka buɗe babbar masaƙa ta farko a 1957, da na Kano, sun ga yadda masaƙu suka yi ta rufewa saboda rashin wutar lantarki da tsadar man injuna da yadin fasa-ƙwauri, waɗannan kuwa ba abin da allo da alli za su yi musu. Su ma masu binciken Indiya sun yarda kamfanoni 17 ba su da yawa, kuma sana'a ɗaya ce. Sai dai wuta da kan iyaka suna hannun hukuma, tsarin cikin gida kuwa yana hannun shugaban wurin, kuma ba ya bukatar lasin ko kuɗin ƙasashen waje.

Saboda haka shugaban da ke shirin tara ma'aikatansa gobe da safe ya zage su da lalaci, ko na masana'anta ne, ko na asibiti, ko na makaranta, ko na sakatariyar ƙaramar hukuma, yana da kyau ya fara yi wa kansa 'yan tambayoyi. Aiki nawa aka gama jiya, kuma a ina aka rubuta? Wane inji ne ko wane tebur ne aiki ya fi maƙalewa a kansa? Yaushe rabon da ya zauna da na ƙasa da shi ya ji abin da ke hana su aiki? Wanda ya fi kowa ƙoƙari a watan jiya, me ya samu wanda malalaci bai samu ba? In ya yi tafiyar mako guda, wa ke da ikon sa hannu? Idan ya rasa amsar uku daga cikin biyar ɗin nan, to, ya dakata da taron tukuna, ya aika a sayo masa littafi da biro. Gyara kayanka dai bai taɓa zama sauke mu raba ba.